Injunan da Suka Jira Almakashi

Mai Sito kowa a garin yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Garin yana can ƙuryar arewa, inda kwalta take ƙarewa motoci su juya. Ya shiga aikin gwamnati yana saurayi, masinja, a hannun wani tsohon akawu na zamanin da ake goge takalmi kafin a taka ofis. Wannan akawun ya koya masa abin da ya riƙe har tsufa: kayan gwamnati amana ne, yadda aka ba ka haka za ka miƙa. Ko fensir ne, sai ka kawo guntunsa kafin a ba ka sabo. Haka mutanen lokacin suke, kuma ba a fara yi musu dariya ba sai daga baya.

Da girma ya zo aka ba shi sito, wani dogon ɗaki mai rufin kwano a bayan ofishin gona, taga ɗaya mai ƙarafa, benci a bakin ƙofa. Taki ya shiga ya fita, maganin feshi ya shiga ya fita, ba a taɓa neman ko cokali an rasa ba.

Wata shekara gwamnati ta tuna da garuruwan nesa. Aka ware kuɗi, aka yi ta faɗa a rediyo. Babbar mota ta kawo injunan ban ruwa jajaye, sababbi fil, kowanne da tiyonsa a naɗe, don masu lambu a bakin kogi su yi noman rani su daina gudu birni. Jami'in da ya rako kayan ya ɗaga yatsa ya ce, "Kada a taɓa ko ɗaya sai babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle. Shi zai miƙa na farko da hannunsa, a ɗauki hoto."

Mai Sito ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Aka share fili, aka kafa rumfa, aka shafa wa duwatsun bakin hanya farin fenti. Baƙo bai zo ba. Aka ɗage, aka sake ɗagewa. Can aka ji an sauke shi daga muƙaminsa, jami'in ma an mayar da shi wani wuri. Aka kwance rumfa. Babu wanda ya ce a raba, babu wanda ya ce kada a raba, Mai Sito kuwa ya riƙe maganar ƙarshe da aka gaya masa. Ya ɗora injunan a kan katako saboda damshi, ya lulluɓe su da tampol. Ya samo kyanwa don kada ɓeraye su ci tiyo. Kowace safiya sai ya yaye, ya goge, ya mayar.

'Ya'yansa manya duk sun tafi birni, saura Auta, mai lambu a bakin kogi, da matarsa da ɗansu. Da bokiti yake ban ruwa, kogin kuma kullum ƙara ja da baya yake. Wata rana ya zo sito, kafaɗunsa duk sun saɓule, ya durƙusa gefen benci.

"Baba, guda ɗaya. Aro. Ranar da aka ce baƙo na tafe in wanke shi in mayar."

"In na ba ka, me zan ce wa maƙwabcinka?"

"Shi ma ka ba shi mana! Ba don mu aka kawo su ba?"

"Don ku aka kawo, amma ba a ba ku ba tukuna."

A gida uwar ta karɓi maganar. "Mai Sito, injunan nan surukanka ne? Ni da na haifa maka 'ya'ya ban taɓa samun lallashin da suke samu ba. Yaron nan in ya tafi, kyanwar ce za ta kai ka asibiti?"

Ya ce, "Ba ki san aikin gwamnati ba."

Tumatirin Auta ya ƙone a tsaye. Rani na zagayowa ya ɗaure kaya da iyalinsa zai tafi birni. A tasha ya sunkuya ya gaida uban yadda ya kamata, da mota ta tashi kuma ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, a gaida injunan."

Shekaru suka shuɗe. Aka kawo sabon shiri da sabon suna, aka turo wata injiniya, yarinya sa'ar 'yarsa, ta ga abin da ya rage na tsohon. Mai Sito ya sa kakinsa mai guga, ya yaye tampol da hannunsa. Ja ya cika ɗakin. Masu lambu suka taru a ƙofa suna leƙe.

Ta zuba fetur a na farko, ta ja igiya. Shiru. Na biyu igiyar ma ta ƙi jawuwa. Ta sa bakanike ya kwance shi: robobin ciki sun bushe sun tsattsage, tsatsa ta kame ƙarfen.

"Baba, yaushe rabon da a tayar da su?"

Ya gyara tsayuwa. "Ba a taɓa tayar da ko ɗaya ba, 'yata. Yadda aka kawo su haka suke."

"Wa ya hana?"

"Ana jiran baƙo ya yanke ƙyalle."

Ta daɗe tana goge hannu da tsumma. Sannan ta rage murya ta ce, "Baba, shirin nan an rufe shi tuntuni. A can an ɗauka an raba, har an ce manoma sun amfana. Inji ba ya son zama. Da sun sha wahala a lambu, da sun fi haka lafiya."

Duk da ta rage murya, na ƙofa sun ji. Babu wanda ya zage shi. Wani tsoho cikinsu ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Mai Sito," suka watse. Da zagin aka yi da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya da bakin tampol a hannu, ya rasa ko ya rufe ko ya bari.

Bakanike ya ciro nan ya haɗa can, ya tayar da 'yan kaɗan. Aka raba ba rumfa ba hoto, injiniya ta ce a ba gidan Mai Sito ɗaya. Ya ɗora a baro ya bi ta bayan layi, don kada ya ratsa kasuwa. Yana isa gida ya kira Auta a waya, wanda yanzu gadi yake a wani gidan mai.

"An raba. Akwai naka."

Ƙarar motoci kawai yake ji. Can Auta ya ce, "Baba, lambun ai na sayar tun bara. Inna ba ta gaya maka ba?"

Ya dubi matarsa. Ta ci gaba da wanke kwanonta, ba ta ɗago ba.

"Ka dawo mu nemi wani."

"Yara sun shiga makaranta a nan, Baba."

"Da na ba ka tun ranar."

"Bar maganar, Baba. Ana kirana, mota ta shigo."

Washegari ya tura baron zuwa wurin mutumin da ya sayi lambun, ya sauke masa injin ya juyo tun kafin a gama godiya. Bai daɗe ba ya ajiye aiki. Auta bai dawo ba, sai ziyara in an yi hutun makaranta. Sukan zauna a tsakar gida su yi hirar tsadar birni, da ciwon gwiwa, da karatun yara, har lokacin mota ya yi.