Kwalbar da Murna Ta Kawo

Wata rana, a wani gida a Jos, Mama Rifkatu ta wuni a kicin tana gashin naman akuya. 'Yarta Murna za ta zo daga Legas da mijinta Sila, zuwan farko tun bayan biki.

Maigidanta, Baba Yohanna, shekara ashirin da biyu ke nan rabonsa da giya.

Kafin nan kuwa? Kai, bar zancen kawai! Sau nawa ta ciro shi daga kwata, ta wanke shi kamar jariri. Likita ya ce masa hantarsa ta gaji, in ya sake komawa, shi ke nan.

Murna tana goye a lokacin, ba ta san komai ba. Mama ta binne maganar, har dangi ta ja wa kunne. Burinta yarinyar ta tashi ta ga ubanta dattijon coci mai mutunci.

Haka kuwa aka yi.

Da aka zauna cin abincin yamma, sai Murna ta zaro kwalba daga jaka, bakinta har kunne. Jar giyar inabi ce. Wai ita ce ke tafiya da gasasshen nama. Ta nuna musu yadda ake kaɗa ta a kofi, a shinshina, a ɗan riƙe a baki kafin a haɗiye.

Mama ta ƙura wa kwalbar ido.

Sila ya zuba, ya rusuna, ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

Baba ya ce, "Na gode, ɗana. Ruwa ma ya ishe ni."

Murna ta ce, "Haba Baba! Kurɓi ɗaya fa. Da kansa ya zaɓo maka."

Baba ya ɗago ya dubi matarsa. Wallahi duban nan roƙo ne.

Mama ta buɗe baki. Ta kalli 'yarta, ta kalli surukinta. A gaban suruki za ta ce uban matarsa tsohon mashayi ne? Ina!

Sai ta ce, "Ku ci, naman zai huce."

Baba ya kurɓa. Ya lumshe ido, ya daɗe bai buɗe ba.

Washegari da safe Mama ta ɗauko kwalbar za ta tuttular, ta tarar babu ko ɗigo a ciki.

Sati biyu bayan tafiyar baƙin, aka fara ganinsa a gidan burkutu. Ta yi kuka, ta yi azumi, ta ɓoye masa takalma. Duk a banza.

Wata tara ya yi. Hantar ce.

Ranar jana'iza Murna ta faɗa jikin uwarta tana kuka.

"Mama, wa ya koya wa Baba shan giya da tsufansa? Ko wane ne, ban yafe masa ba!"

Mama ta buɗe baki.

Ta rufe.

Har yau ba ta faɗa mata ba. Da wane bakin?

Darasi: Rufa wa naka asiri alheri ne, amma kada ka ɓoye wa 'yan gida abin da zai iya kashe shi. Kuma don Allah, in ka miƙa wa mutum abu ya ce a'a, ka janye hannunka. Ba ka san abin da ya sha kafin ya iya faɗin a'ar nan ba.

Tura wa wannan mai yawan cewa "ɗan taɓa mana." Ka san shi.