Yadda Na Je Tsaskiya Neman Sunana

Na haura shekara arba'in a duniya kunnena bai taɓa jin sunana na yanka ba. Ni ce 'yar fari a rugarmu ta Tsaskiya, kuma sunan kakata ta wajen uba aka raɗa mini. Kunya biyu ke nan ta hau kan Inna, ta 'yar fari da ta suruka. In za ta kira ni, gyaran murya take yi. Baba ya rasu ina goye. 'Yan ruga suna ce mini mai sunan tsohuwa. Da aka kai ni aure Batsari, gidan wani tela, na zama Bafillatana. Shi kuwa maigida, har ya koma ga Allah, "Kina ji?" yake ce mini.

Ban taɓa jin na rasa kome ba. Duk wanda ya kira, na san da ni yake.

Ana nan, ana nan, arzikin fetur ya shigo ƙasa, ɗana na fari ya sami aikin gwamnati, ya ce zai kai ni Makka a jirgin sama. Muka je gaban malamin fasfo.

"Iya, sunanki?"

"Bafillatana."

"Iya, ai ranar kasuwa rabin matan Batsari sunansu ke nan."

Na ce to ya rubuta uwar wannan, na nuna ɗana da haɓa, don ni ma bakina bai taɓa kama sunansa ba. Malamin ya aje alƙalami. Ya ce babu suna, babu jirgi.

Na hau a-kori-kura sai Tsaskiya. Na iske Inna a ƙofar bukka tana kaɗa nono da maburgi. Duk waɗanda suka ci naman ragon sunana sun riga mu gidan gaskiya, ita kaɗai ta rage. Muka gaisa har muka gaji da tambayar shanu da ruwan bana.

"Inna, gwamnati na son sunana."

"Ita gwamnatin ba ta da kunya ne?"

"Ba ta da ita, Inna."

"To ni ina da ita."

Na zauna a kan turmi, Makka tana yi mini nisa. Sai na fara jero sunayen mata ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jan carbi. Maburgi na ta juyawa. Na faɗi wani, yana juyawa. Na faɗi wani, yana juyawa. Da na zo kan wani suna, maburgi ya tsaya cak. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige bukka, ta bar wa kaji nonon a buɗe. Na riƙe sunan a baki har gida, kada ya zube a hanya.

Ranar tashi, a sansanin alhazai, aka kira wata mata ta lasifika. Ba wadda ta tashi. Aka sake kira. Na ce wa ta kusa da ni, "Allah sarki, wannan baiwar Allah jirgi zai tashi ya bar ta." A kira na uku ɗana ya taho da gudu yana haki.

"Ke ake nema!"

Na miƙe kamar wadda aka kama da zanen aro.

Na je, na dawo lafiya. Tun daga ranar, ruga da gari, kowa Hajiya yake ce mini. Har Inna, da ta sami abin da bakinta zai iya kamawa.