Liyarin Cikin Fata

Gyaran agogo ne sana'ata a kasuwar Ƙaura. Tun da waya ta shiga aljihun kowa aiki ya ja baya, sai na samu sararin yin abin da maƙwabtan rumfata ke kira haukata: ina tara liyari. Ga wanda bai san shi ba, tsohon kuɗin azurfa ne na Turawa, mai faɗi da nauyi, irin wanda kakanninmu mata ke ratayawa a wuya. Gefe guda hoton wata sarauniya ce mai jiki, da lulluɓi a kai da ɗan maɓalli a kafaɗa. Ɗaya gefen gaggafa ce mai kai biyu, ta buɗe fukafukai.

Ba yawansu ya dame ni ba, bugu nake nema. Tsakanin ƙarafa biyu masu zane ake matse azurfar. In ƙarafan sababbi ne kuma matsin ya kai, komai yakan fito: silin gashin matar, 'yan duwatsun da suka kewaye maɓallin, gashin gaggafa kowanne da iyakarsa. In ƙarfen ya gaji, sai ka ga liyari sabo amma fuskar kamar an shafa ta da tafin hannu. Shi kuma wanda yawo ya cinye dabam yake, har bakinsa ya lashe. Da gilashin da nake maƙalawa a ido in duba cikin agogo nake rarrabe su, kuma na rantse daɗin da nake ji in na ga bugun da ya kama ya fi na cin naman Sallah.

Matsalar ita ce ban taɓa riƙe cikakke ba. Na ƙasarmu duk sun sha wuya. Wannan an huda shi, wancan an liƙa masa kunne don zare, wani gumin shekaru ya suɗe shi. Ina da aboki maƙerin azurfa a Shinkafi, wanda Fulani ke kawo wa tsofaffin liyari ya narka ya yi musu zobba da awarwaro. Ranar kasuwa nakan je in tsuguna gaban maƙerarsa in tsince masu dama-dama kafin su shiga wuta, shi kuwa yana yi mini dariya.

"Kai dai ba ka da aiki," in ji shi. "Azurhwa dai azurhwa ta. In ta narke, wa ka tambayar gashin kanta?"

Nakan ce masa mahauci ne shi, ba maƙeri ba. A haka muke rabuwa kullum.

Ashe abin da nake nema yana cikin danginmu. Ina da gwaggo a Zurmi, yayar mahaifina, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. Babana take ce mini, kuma da gaske take yi: ko da nake yaro, ba ta miƙa mini ruwa a moɗar da wani ya sha. Wata Sallah na je gaishe ta, hira ta kai na fiddo wani liyari daga aljihu ina yi mata bayani kamar ta tambaye ni. Ta juya shi, ta miƙo mini.

"Wanga abin da kaka wahala kai nai, ai akwai shi ɗaki," ta ce. "Baba yaz zo da shi daga Hajji, zamanin da aka tahiya ƙasa. Sabo hul anka ba shi can, yas sa baduku yaɗ ɗunke shi cikin hwata. Ba a taɓa buɗewa ba."

Ta shiga ta fito da wani abu kamar laya, fatar ta bushe ta yi baƙi. Na latsa da yatsa, na ji zagayen bakinsa a ciki, na ji nauyin. Liyarin da bai taɓa yawo ba, bai taɓa wuyan kowa ba, tun kafin a haifi mahaifina. Na roƙe ta, ba kunya ba tsoron Allah. Ta karɓe abinta ta ce in bari ta yi shawara da zuciyarta.

Damina ta wuce, aka yanke gero, ban daina tunaninsa ba. Ina kwance agogon mutane ina ganin gashin gaggafa. Matata ta ce in na ƙara ambaton fatar nan a kan tuwo za ta ɗauke kwanon.

Ran nan da hantsi wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce, da wayar maƙwabciyarta, tana magana da ƙarfi kamar yadda tsofaffi ke yi. Ta ce ta yi shawara: abin Baba ne, Baba za ta ba. Har ta sa aska ta farke ɗinkin.

"Amma ya yi baƙi awa gindin tukunya," ta ce. "Sai dai gashin matag ga, in ka shahwa, har sukar yatsa shikai."

Na miƙe tsaye, har na zubar da kwanon ƙananan kusoshi. Baƙin nan shi ne adonsa, shi ne shaidar babu hannun da ya taɓa shi. Na ce, "Gwaggo, don Allah kada ki wanke shi. Kada ki goge, kada ki wahalar da kanki. Yadda yake haka nake son sa."

"To, Babana," ta ce.

Sai da na jira kwanaki, don hanyar Zurmi ba kullum ake bin ta ba yanzu, sai direbobi sun ce da sauƙi. A kwanakin nan ba wanda ban gaya wa ba. Na kira maƙerin Shinkafi na ce ya shirya ganin abin da wutarsa ba za ta taɓa ci ba. Na sayi sabuwar auduga na shimfiɗa a gwangwanin da nake ajiya, na ture sauran gefe. Ranar tafiya ni na fara shiga mota, na zauna ina jin haushin duk fasinjan da ya tsaya cinikin rake.

Gwaggo ta tarbe ni da tabarma sabuwa. Aka yi gaisuwa, ta tambayi matata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kasuwa. Ta kawo fura ta ce sai na sha. Na ce na ƙoshi, kada ta damu, ta ƙara tura mini ƙwaryar. Ina cikin sha ne na tuna maganarmu ta waya. A wurinmu baƙo ya ce kada a wahala, ai kara ce yake yi, kuma ba mai mutuncin da zai biye masa. Kalmomin da na faɗa mata a waya ke nan.

Ta fito da ɗan faifai an rufe da farin ƙyalle, ta durƙusa da ƙyar ta ajiye a gabana, ta yaye.

Yana walƙiya kamar sabon cokali.

"Toka da tsamiya sun kasa," ta ce, tana murmushi. "Sai da nis sa anka ɗebo min rairai daga gulbi. Ni in ba Babana abu da dauɗa?"

Na sa gilashi a ido, ko don in ɓoye fuskata. Karce ne ko'ina, layi a kan layi, kumatun sarauniyar sun sha rairayi, tudun gashinta ya kwanta. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kusa faɗa mata maganar da ba ta dace ba. Na juya bayansa.

A nan na ga abin da na yi shekaru ina nema. Rairayin bai kai cikin lungunan fukafukan ba. Gashin gaggafa na nan, kowanne tsaye da kansa, har da ɗan layin da ya ratsa tsakiyarsa, siririn da ban taɓa sanin akwai shi ba. Rubutun bakinsa kaifi gare shi kamar jiya aka buga. Baƙin fatar ya kwanta a tsakanin gashin ya fito da su sarai. Ban san lokacin da na fara dariya ba, ina cewa ga shi, ga shi, kamar wani ya yi mini gardama.

Da na cire gilashin sai idona ya sauka a kan hannunta. Babban yatsanta ya tsage, ta ɗaure shi da tsumma, sauran kuma toka ta cinye fatarsu sun yi fari.

Ta leƙo ta ga inda nake kallo a jikin liyarin, sai ta ji kunya.

"Nan na idona bai gani ba," ta ce. "Kawo in ƙarasa ma da tsinke."

Na rufe hannuna a kansa.

"Bar mini wannan, Gwaggo. Ya yi kyau."

"Ya yi?"

"Ya yi."

Ta gyara zama, ta sauke numfashi, ta ɓoye hannun a cikin zane.

"To alhamdu lillahi," ta ce. "Na maida ma Baba abinai da haske."