Uwa Ɗantsoho Mai Kisra: Shekara Sittin da Biyar a Bakin Murhu

Haihuwa da Asali

An haifi Uwa Ɗantsoho, wadda mutanen unguwar Mayo suka fi sani da Uwa Mai Kisra, a shekarar 1959, a wani kambo, wato zangon leburorin gona, da ke kudu da garin Hasahisa a yankin Jazira na ƙasar Sudan. Mahaifinta, Malam Ɗantsoho, jikan wani maniyyaci ne da ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar aikin Hajji, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Nilu, ya yada zango, zangon ya zama gida. Mahaifiyarta, Hadizatu, a kambon aka haife ta. Uwa ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai.

Ƙuruciya da Karatu

Ta shiga makarantar allo tana da shekara shida, ta haddace izu uku, sannan aka cire ta a 1969 domin gona tana bukatar hannu. Makarantar gwamnati kuwa babu wanda ya ga dacewar gina wa 'ya'yan leburori ita.

A gonakin audugar Jazira akwai ƙa'idar cewa da zarar an gama tsinka, wajibi ne a tuge karan auduga kaf, a tara, a ƙone kafin damina, don kada cutar bara ta kama shukar bana. Ba a yarda kowa ya kai kara ko guda gida ba, har bincike jami'in gona yake zuwa yi a bayan bukkoki. Makonni ake yi sararin samaniya yana murtuke, yara irin su Uwa suna tura kara cikin wuta idanuwansu jajir. An kula da lafiyar auduga matuƙa, an yi mata doka da jami'ai, amma tsawon shekarun nan ba a taɓa turo mahaluƙi guda ya saurari ƙirjin yaran ba. Idan sun koma gida kuma, da busasshen kashin shanu da karan dawa ake girki, a cikin bukka marar taga. Hadizatu ta rasu a 1974 bayan doguwar jinyar tari.

Aure da Ƙaura

A shekarar 1977 ta auri Zubairu Abdullah, leburan gona ɗan kambonsu, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Bayan farin da aka yi a 1984, lokacin da aiki ya yi wuya, suka tattara komatsansu a farkon 1985 suka koma Mayo, a kudancin Khartoum, inda Zubairu ya shiga aikin gini na yini-yini. Allah Ya albarkaci auren da 'ya'ya bakwai, biyu suka koma tun suna goye, dukkansu da ciwon haƙarƙari.

Sana'a

A 1986 Uwa ta fara toya kisra, gurasar dawa siririya wadda ba a cin miya a Khartoum sai da ita. Ana shimfiɗa ƙullun ne a kan faffaɗan farantin ƙarfe da wutar itace a ƙarƙashinsa, mai toyawa tana zaune a kujerar tsugunno, fuskarta kamu biyu daga garwashi, tun hantsi har la'asar.

Abin da ya ɗaukaka sunanta shi ne tsafta. Guguwar ƙura ba ta raga wa kowa a Mayo, kuma kisrar da yashi ya faɗa wa ba ta ciyuwa. Sauran mata a fili suke toyawa, masu saye suna tauna tsakuwa suna mita. Uwa kuwa sai ta kewaye rumfarta da buhuna ruɓi biyu, ta toshe kowace kafa da tsumma, ta rataya tsohon bargo a ƙofa. Yashi bai sake shiga ba, hayaƙi ma bai sake fita ba. Masu gidajen abinci na kasuwar unguwa suka riƙa layi a ƙofarta, kowa yana yaba kisrar da babu ƙasa a cikinta, kuma cikin masu yabon nan babu wanda ya taɓa ɗaga bargon ya ga inda take zaune. Da wannan sana'a ta riƙe gida bayan rasuwar Zubairu a 2003, ta aurar da 'ya'ya mata biyu, ta kai ɗanta Salahuddin ga mallakar raksha, babur mai ƙafa uku, a Umdurman, birnin da ke hayin kogin Nilu daga Khartoum.

Jinya

Tari ya kama ta sosai a 2006. A wani ɗakin shan magani, ba tare da an jira sakamakon gwajin majina ba, aka yanke hukuncin cewa tarin tibi ne, aka ɗora ta a kan magani na wata shida. Tarin bai tafi ba, sai aka ce ita ce ba ta sha bisa ƙa'ida ba, aka sake ɗora ta a 2009. Matar da ba ta taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba, aka tsaya a gaban jama'a ana yi mata faɗa kamar yarinya.

Labari ya zaga unguwa. Masu layin jiya suka ɗauke ƙafa, a gidajen biki aka ware mata kofinta, wata maƙwabciya ta hana jikokinta shiga gidan. Wannan ya fi tarin ci mata rai, ta kuma sha faɗa wa 'ya'yanta cewa ba ta ƙi mutuwa ba, abin da ta ƙi shi ne a ce ta ciyar da mutane cuta. Masu ƙaunarta kuwa, da kyakkyawar niyya, suka ba ta shawarar duhan, al'adar matan Sudan ta zama a kan ramin hayaƙin itacen ɗalha a lulluɓe da bargo, wai zai fitar da sanyin ƙirji. Sau biyu a mako take zama, shekara da shekaru, ana maganin hayaƙi da hayaƙi.

Sai a watan Maris na 2018 Salahuddin ya kai ta wurin wata likitar ƙirji a Umdurman. Likitar ta duba hoton huhu, ta tambaye ta shekara nawa ta yi tana shan taba. Uwa ta miƙe za ta fita, ta ce: "Ya Daktora, ni 'yar Malam Ɗantsoho? Wallahi ko karan sigari ban taɓa riƙewa ba. Ya Salah, tashi mu tafi, halas, shi ke nan!" Da ƙyar aka zaunar da ita. Likitar ta nemi afuwa, sannan ta yi tambayar da aka shekara goma sha biyu ba a yi ba: da me take girki, kuma a ina? Ta bayyana musu cewa babu alamar tibi, ba a kuma taɓa samunsa a gwaji ba. Hayaƙin itace da kara, in ji ta, yana ɗauke da wata ƙura da ta fi garin da aka tankaɗe laushi nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinta, hanci ba ya tare ta, tana sauka can ƙasan huhu ta zauna. Abin da ya lalace ba zai gyaru ba, amma idan ta rabu da wutar itace za ta iya ƙara shekaru masu dama.

Uwa ta sa aka rubuta mata wannan bayani a takarda, ta bi gidajen da aka ware mata kofi ɗaya bayan ɗaya ana karanta musu. Wasu sun ji kunya, wasu sun ce ma'alesh kawai, wato a yi haƙuri. 'Ya'yanta suka haɗu suka saya mata tukunyar gas, aka yaye buhunan, ta yi shekara biyar tana iya tafiya masallaci ba tare da ta tsaya hutawa ba.

Shekarun Yaƙi

Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, gas ya ɓace daga Khartoum, gadoji suka rufe, Salahuddin ya maƙale a Umdurman, maganin shaƙa da yake kawo mata ya yanke. Yunwa ta shiga Mayo. Matasan unguwa suka buɗe takiyya, wato girkin sadaka na jama'a, amma babu wanda ya iya sarrafa tukunyar mutum ɗari uku kamar Uwa. Sun san abin da likita ta faɗa, ita ma ta sani. 'Yarta Sulafa ta tare ƙofa tana kuka tana cewa: "Ya Yumma, uwata, Daktora ta hana!" Uwa ta amsa: "Daktora tana hayin kogi, yaran nan kuwa ga su a ƙofata. Matsa."

Wata goma sha huɗu ta yi tana girkin, da farko da itace, da itace ya ƙare aka koma ƙyauren gidajen da aka gudu aka bari, da fentinsu da komai, da kwali da tsofaffin takalma. Waɗanda suka hura wutar yaƙin ba su shaƙi ko ɗigon wannan hayaƙi ba. Tsohuwa mai rabin huhu ce ta shaƙa a madadinsu, kuma ba za a sami sunanta a cikin kowane jerin waɗanda yaƙi ya kashe ba.

Rasuwa

Uwa Ɗantsoho ta rasu ranar Talata, 17 ga Satumba, 2024, da hantsi, tana da shekara sittin da biyar, a zaune, domin ta yi wata biyu ba ta iya kwanciya. An yi mata salla bayan azahar, aka binne ta a maƙabartar unguwa. Salahuddin bai sami hanyar hayewa ba, sai bayan kwana tara labarin ya iske shi. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya sa Aljanna ce makomarta.

Ta rasu ta bar jikoki goma sha shida da 'ya'ya biyar: Salahuddin, direban raksha a Umdurman, Duha, wadda ke gudun hijira a Gadarif tare da mijinta, Muhannad, wanda ba a ji ɗuriyarsa ba tun watan Yunin 2023, Basma, matar aure a Soba, da auta Sulafa, mai shekara talatin da ɗaya, wadda ta karɓi girkin takiyya kwana huɗu bayan jana'iza, domin gas bai dawo ba, mutane kuma suna tsaye da kwanoni. Da goyo a bayanta take girkin.