Hoton Bayan Abokin Yayana

Shekara ashirin da wani abu na yi ina ɗaukar hoton ƙashi a wani ƙaramin asibiti a unguwar Akwa, cikin birnin Duwala na Kamaru. Ni ba likita ba ne. Aikina in kwantar da mutum a kan tebur, in ce masa kada ya numfasa, in danna na'ura. Amma a unguwarmu ta New Bell wa zai tsaya bambance wannan? Kowa Dokta yake ce mini, kuma duk wanda aka yi wa hoto, ko a wane asibiti ne, sai ya biyo gidana da hoton a cikin ƙatuwar ambulan bayan la'asar in duba masa. Tun da matata ta rasu, yara kuma suka watse neman abinci, masu ambulan ɗin nan ne kaɗai ke yi mini sallama.

Hoton gadon baya ba ya mini wuya. Ƙasusuwan a jere suke, kuma tsakanin kowanne da na ƙasansa akwai 'yar tazara inda guringuntsi yake zaune, yana aikin da gammo ke yi wa mai ɗaukar kaya. In shekaru da wahala suka cinye gammon, sai tazarar ta matse, gefen ƙashin ya yi fari fat, ya kuma fito da 'yan ƙugiyoyi waɗanda masu Faransanci ke kira bakin aku. Kallo ɗaya nake yi in gane. Abin da ban taɓa iyawa ba shi ne tauna magana kafin in faɗe ta, kuma unguwa duk ta san ni da wannan.

Yayana ya girme ni da shekara goma sha biyu. Ɗan dako ne a kasuwar Mboppi, tun yana saurayi yake saɓa dilar atamfa daga mota zuwa shago. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya tsaya na yi makarantar boko. Layi biyu ne tsakanin gidansa da nawa, kuma kowace Juma'a bayan an sauko masallaci yakan leƙo mu sha shayi, ya yi mini tsiya cewa hannuna ya fi na amarya laushi.

Wata Talata da damina ya shigo, ambulan a cikin rigarsa saboda ruwa.

"Dokta, wani abokina ne a kasuwa ya ce in kawo maka radiyo ɗinsa ka duba," in ji shi. Mu a Duwala haka muke kiran hoton. "Mutum ne mai kunya, ba zai iya zuwa da kansa ba."

Ranar raina a ɓace yake, shi ne na uku da ya katse mini hutu. Na zaro hoton, na ga an yanke kusurwar da ake rubuta suna da almakashi. Ban kawo komai a raina ba. Mutanenmu ba sa son a san ciwonsu, na sha ganin irin haka. Na ɗaga shi ga hasken ƙofa. Tazara uku na ƙasa sun matse, bakin aku ta kowane gefe.

"Yaya, wannan abokin naka shekara nawa ya yi yana dako?"

"Ya daɗe."

"To ka ce masa ya gama. C'est fini. Gammon ya cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi. In ya ƙara ɗaukar dila ɗaya, 'ya'yansa ne za su riƙa cicciɓarsa zuwa makewayi."

Allah ya sani na wuce gona da iri. Na ga hotunan da suka fi wannan muni, masu su kuma suna zuwa masallaci da ƙafarsu, wasu ma ba su san suna da komai ba. Hoto ba ya faɗin yawan ciwon da mutum ke ji. Na san wannan sarai, amma ina son jin muryata in ina yanke hukunci.

Yaya ya juya yana kallon ruwan da ke zuba daga kwanon rufi. Can ya ce, "To, madalla. Zan gaya masa." Ya dafa bango ya miƙe a hankali. Na gani da idona, na ce a raina sanyin damina ne. Da na miƙa masa ambulan ɗin sai ya ce in ajiye, ruwa zai lalata shi a hanya.

Juma'a ta zo bai leƙo ba. Ta biyun ma haka. Ina kawar da tarkace a kan tebur sai hoton ya faɗo, na ɗaga shi don sabo kawai. Wannan karon idona ya hau sama, inda haƙarƙarin ƙarshe yake leƙowa a gefen hagu. Akwai ƙulli a jikinsa, tsohuwar karaya da ta ɗore a karkace.

Na san wannan ƙullin. Ina ɗan shekara bakwai ruwa ya cika New Bell har ba a gane hanya da kwata. Yaya ya ɗora ni a wuya zai kai ni makaranta, ƙafarsa ta zame, ya juya jikinsa don kada in bugu, gefensa ya daki bakin siminti. Mai ɗori ya ɗora shi a gida. Shekara da shekaru yakan kama yatsana ya ɗora a wurin, ya ce in taɓa in ji kuɗin makarantata na farko. Na zauna a ƙasa da hoton a hannu, kunya da baƙin ciki suka rufe ni.

A Mboppi abokan aikinsa suka ce ai tun washegarin Talatar nan ya zo ya yi musu sallama. A gidansa na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabta suka ce ya koma wurin 'yarsa a Sodiko, can hayin gada. Na hau mashin na bi shi.

Na same shi a kan benci, yana kallon manyan motoci suna wucewa. Hannayen nan da ban taɓa ganinsu a zaune ba suna kan gwiwarsa. Muka gaisa. Ya rufa wa kansa asiri da wannan aboki, ni kuma ƙane ne, ba ni da bakin yaye masa.

"Yaya, game da abokin nan naka," na ce. "Na sake duba hoton. Na yi gaggawa. Ya ga likita na gaske, akwai magani, akwai motsa jiki. Zai iya komawa kasuwa ko da tsaron shago ne."

"Ai ya riga ya ji ta farko," in ji shi. "Ya ce a gode maka."

"Ka roƙar mini shi gafara."

"Bai riƙe kowa ba, Dokta. Ka dai san ɗan dako, in ya sauke kaya ya sauke."

Bai sake kwana a New Bell ba. Ina zuwa Sodiko duk wata, mu sha shayi, in tambayi jikin abokinsa, ya ce da sauƙi. Damina biyu bayan haka ya rasu, ba mu taɓa kiran abokin da sunansa ba.

Bara bayana ya fara hana ni ruku'u yadda ya kamata. Abokin aikina ya ɗauke ni hoto, na kawo shi gida na ɗaga ga hasken ƙofa. Tazara biyu sun matse, ga bakin aku nan ya fara fitowa. Na ɗauko almakashi na yanke kusurwar da sunana yake, na mayar da hoton cikin ambulan, har na sa takalmi. A bakin ƙofa na tsaya ina bin gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya a raina. Babu inda zan shiga in ce na wani abokina ne. Da aka kira magariba na cire takalmin, na ajiye ambulan ɗin a kan ta Yaya.