Tsattsewa, Motar da Ba Ta Taɓa Cin Tsere Ba

Da zuciya mai nauyi, ko da yake ba nauyin da ya fi ƙarfin ɗauka ba, nake sanar da dangi da abokan arziki rasuwar Tsattsewa, jar motar tseren yayana, wadda ta yi zamaninta kaf a cikin wasan bidiyo, a talabijin ɗin falonsa. Ta cika ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, bayan la'asar, a kwana ta bakwai ta zagayen ƙarshe, tayoyinta huɗu suna kallon sama. Ta yi wata goma sha huɗu a duniya. Ta bar maigida ɗaya da kujera ɗaya da ta lotsa.

Ya ke Tsattsewa, wanda bai san asalinki ba ba zai gane girman rashinki ba. Yayana bakanike ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ƙarƙashin motocin mutane, har bayansa ya gaza, likitoci suka yi masa aiki. 'Yarsa, ma'aikaciyar jinya, ita ta sayo masa wasan, da ɗan sitiyari da matakin totur da birki, don ya rage kaɗaicin kwanciya. Sati shida likita ya yanka masa, ya ce daga nan ya tashi ya riƙa tafiya kullum, in ba haka ba ƙafafun za su manta aikinsu. Ke ce kika ja sati shidan nan kamar roba.

Masu wasan sun tanadi ɓarna hawa uku. Akwai wadda mota za ta daki katanga ta wuce sumul. Akwai wadda fenti kawai zai kankare. Akwai kuma ta uku, inda bugu bugu ne, motar da ta mutu kuwa ta mutu ke nan, ba a dawo da ita. Yayana ya zaɓi ta uku ba tare da shawara da kowa ba. Ya ce, "Motar da za a buga ba ta lotsa ba, ai ba mota ba ce, zane ce." Sannan ya ɗauki alkawari a gaban matarsa cewa ba zai rabu da kujerar nan ba sai kin ci kofi ko kin mutu. Muka yi dariya, don a lokacin ba mu san irin tsawon ranki ba.

Na shaida ke mai haƙuri ce. Idan fitila ta yi kore, sauran motoci suka tashi kamar an watsa wa kaji ruwa, ke kina nan tsaye, domin yayana ba ya tayar da mota sai inji ya yi zafi. A tseren agogo kin nuna wa duniya cewa gaggawa ba tarbiyyarki ba ce. A tseren da ake fitar da na ƙarshe a kowane zagaye, ba ki taɓa barin wata ta riga ki fita ba, saboda tsabar tawali'u. A tseren daji kuwa da idona na ga kin tsaya a bakin rafi, yayana ya leƙa gaba yana auna zurfin ruwa. Kuma da yake ba a yi miki sigina ba, duk kwanar da za ki sha sai ya fitar da hannu, har ya taɓa kifar da shayin baƙo.

Sai batun gyara. Masana tsere saukar da mota suke yi ta manne da ƙasa. Yayana kuwa, wanda ya san abin da rami yake yi wa salansa, ya ɗaga ki har ƙarshen ma'auni, ya sassauta miki shokozoba, kika koma kamar raƙumi a kan katifa. Na yi ƙarfin hali na ce, "Yaya, ai titin nan ba rami."

Ya dube ni da tausayi. "Ƙanena, kai alƙalami ka sani. Ba ka dai kai wurin ramin ba tukuna."

Ana haka ƙafafunsa suka kumbura, takalmansa suka daina shigarsa. 'Yarsa takan danna masa yatsa a ƙwauri, gurbin ya zauna bai cike ba, ta ɗago ta dube ni. A tsakar gida kuma motar matarsa, ta gaske, mai ƙarfe da tsatsa, tana kan duwatsu, kaji sun mai da kujerar baya ɗakin haihuwa. "Ina auren bakanike ina tsayar da motar haya," in ji ta. "Wa zan gaya wa ya yarda?"

Ranar Talatar nan haƙurinki ya yi rana. Ana tashi a tseren kofi, motoci goma sha ɗaya suka cakuɗe a kwanar farko, ke kuwa kina baya kina ɗumama inji. Kika ratsa ta tsakanin gawarwakinsu a natse, sai ga ki a gaba, karo na farko a tarihi. Gidan ya taru. A zagayen ƙarshe wata baƙar mota mai fitila ɗaya ta bayyana a madubi. Matar yayana, wadda ta lissafa cewa ko kofi ko mutuwa duk riba ce a wurinta, ta dafa kafaɗarsa.

"Taka, Malam! Don Allah sau ɗaya a rayuwarka, taka!"

Ya taka har ƙasa. Kika shiga kwana ta bakwai da tsayin nan naki, kika karkata a hankali cikin mutunci, kika yi adungure sau uku.

Can yayana ya ce, "Lagireton fa?"

'Yarsa ta karanta rubutun da ya fito, ta ce, "Baba, har lagireton."

Ya daɗe yana kallonki. Sai ya dafa hannun kujera ya miƙe, ya ƙi a riƙe shi. Taku ashirin da uku ne daga falo zuwa tsakar gida, ni na ƙirga, 'yarsa tana bayansa tana share ido da gefen mayafi. Ya ɗaga bonet ɗin motar matarsa, ya tsaya yana girgiza kai.

"Wane marar imani ne ya bar motar nan haka?"

"Ana nan ana bincike," in ji matarsa. "Sifana lamba nawa zan miƙo?"

Ya ke Tsattsewa, ba zan roƙa miki aljanna ba, kada malamai su yi mini ca. Amma ina roƙon Allah ya yi wa mai ke rahama, ya ƙara wa ƙafafunsa ƙarfi, waɗanda yau kwana tara ke nan suna kai shi bakin titi suna dawo da shi cikin takalmansa. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa, wadda ta ɗauki wannan rashi da juriya mai ban mamaki, har ana jin waƙarta daga kicin. Ina miƙa ta ga kaji, da suka rasa muhalli. Ina kuma miƙa ta ga 'yarsa, wadda da wasan ya tambaya ko ana son sabuwar mota, ta zare waya ta ɗora sitiyarin a can saman kabad, inda sai mai lafiyayyar ƙafa zai iya hawa ya ɗauko. Allah ya kai yayana ranar da zai iya hawan, Allah kuma ya sa kafin ranar ya manta abin da ke can. Amin.