Shafin da Manaja Ya Ƙara

A kamfanin ɗab'in, Anti Fassara ake ce mata. Teburinta na bayan injin yankan takarda, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Duk littafin da mazan ofis suka leƙa tsigar jikinsu ta tashi, ita ake tura wa: labaran da matan wasu ƙasashe suka rubuta kan uwaye da 'ya'yan da ke bakin halaka. Ba ta taɓa cewa sun yi mata nauyi ba.

Da can malamar makaranta ce. Ta bar aji shekarar da ɗanta ya faɗo daga benen gidan haya, ta gurbin ƙarfen baranda da ya ɓalle. Ta yi wa mai gidan hayar maganar ƙarfen nan har bakinta ya gaji, surukarta ma shaida ce. Amma laifi tudu ne. A zaman makoki har da mai gidan ake sunkuyar da kai ana tambayar ina uwar take. Tana wajen shanya. Tun daga ranar surukar ta ɗauke ƙafa.

Bana aka ba ta fassarar labarin wata uwa da 'yarta ta nutse a ramin da masu gini suka bari a buɗe. Marubuciyar ba ta ɗora wa uwar komai ba, abin da ya sa Anti ta ƙaunaci littafin ke nan.

Manaja ya kira ta ofishinsa. "Anti, aiki ya yi kyau, sai dai babu darasi. Ƙara shafi ɗaya, uwar ta yi nadama, ta ce sakacinta ne."

"Ranka ya daɗe, mai littafin ba ta rubuta haka ba."

"Ai ita ba ta san mutanenmu ba."

"Ni na san su. Shi ya sa ba zan ƙara ba."

Ya yi dariya, wai mata akwai taurin kai. Mutumin da ko sunan yarinyar labarin bai riƙe ba, shi ya zauna ya tsara nadamar uwarta, har da hawaye. Littafi ya fito da shafin, sunan Anti ɓaro-ɓaro a bango.

Ba a yi mako ba sai ga surukarta da sallama. Ta zauna a bakin gado, ta kamo hannunta.

"'Yata, an karanta mini littafinki. Tunda kin amsa laifinki da kanki, na yafe miki."

Anti ta zare hannunta a hankali.

"Inna, ƙarfen fa?"

Tsohuwar ta dube ta da mamaki.

"Wane ƙarfe?"